Motar da ta ci gasa da sifika shida: tambayoyi da amsoshi kan sautin mota

Tun da bidiyon motocin gasar sauti suka fara yawo a wayoyi, tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita mana, daga masu motoci a nan Garwa, da direbobin da ke bin hanyar Marwa da Kusri, har da abokan sana'a na Njamena. Ga su nan na tara, kowace da amsar da zan ba mutum da a bakin shago ya tare ni. Wasu amsoshin ba za su yi wa masu sayar da kaya daɗi ba.

Malam, wai da gaske ne ana yin gasa a kan rediyon mota?

Ana yi, kuma ba yau aka fara ba. A Amurka abin ya yi ƙarfi a shekarun 1980, har aka kafa ƙungiyar IASCA a 1987, ta tsara dokoki da yadda ake ba da maki. Turai ma suna da tasu, EMMA, tun 2000. Sai dai gasar kashi biyu ce, kuma wanda bai raba su ba zai yi ta zubar da kuɗi bai san abin da yake saye ba.

Kashi na farko na ƙara ne zalla, shi ake kira SPL. Ana maƙala na'urar awo a cikin mota, a rufe ƙofofi, a saki sauti ɗaya mai kauri na 'yan daƙiƙoƙi, wanda allurarsa ta fi hawa shi ya ci. Shahararriyar gasar wannan ɓangare ita ce dB Drag Racing, wadda Wayne Harris ya kafa. Manyan motocinta sun haura desibel 180 a ma'aunin ƙarfin ƙara. Ana zuba musu kankare a jiki, a sa gilashi mai kauri, kuma ba mahaluƙin da ke zama a ciki lokacin gwaji, daga waje ake danna su. Ba motocin jin waƙa ba ne.

Kashi na biyu shi ne SQ, gasar ingancin sauti. A nan alƙali ne zai shiga ya zauna a kujerar direba, ya rufe ƙofa, ya sa faifan gwaji da ake sa wa kowace mota, ya saurara. Abin da yake nema shi ne gaskiyar sauti: in an buga ganga ya ji ganga, in mace ta rera ya ji ta a gabansa kamar zai miƙa hannu ya taɓa ta. Yawancin abin da muke haɗawa a garuruwanmu kwaikwayon kashi na farko ne, alhali bukatar mai mota ta kashi na biyu ce, tun da shi ne zai zauna a ciki daga nan har Gaundare.

Wace mota ce wannan baƙar da ake cewa ba a yi irinta ba?

Buick Grand National ce, ƙirar tsakiyar shekarun 1980, baƙa wuluk, mai ƙofa biyu da injin V6 mai turbo. Wani shago mai suna SpeakerWorks, na iyalan Holdaway a garin Orange da ke jihar Kaliforniya, shi ya haɗa mata kayan sauti. Ta yi ta lashe gasar IASCA daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990. Daga baya wani injiniyan sauti, Richard Clark, ya saye ta ya ci gaba da shiga gasa da ita, shi ya sa da yawa da sunansa suka san ta.

Abin da ya sa har yau ake labarinta shi ne a zamanin da abokan hamayya ke cusa sifika goma sha wani abu, har ashirin, a ƙofofi da dashbod da bayan kujera, ita guda shida take da su. Biyu masu ƙaho a ƙarƙashin dashbod, hagu da dama. Biyu masu inci 12 a bangon gefen kujerar baya, suna ɗaukar sautin tsakiya mai kauri. Sai wufa biyu, wato sifikun bes, masu inci 15 a bayan kujerar baya, waɗanda ba a rufe su a akwati irin namu ba, suna numfashi ne zuwa cikin but ta wani matashi na zaren gilashi da ke hana su rawar banza. In ka leƙa ta taga, kusan ba abin da za ka gani.

To yaya shida za su fi ashirin?

Saboda kowace sifika da ka ƙara, ka ƙara wurin da sauti ke fitowa, kuma kowane wuri nisansa da kunnenka daban. Murya ɗaya ce, amma ta iso maka sau huɗu ko biyar a lokuta mabambanta, da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Wani sashe na sautin ya ƙaru, wani ya kashe ɗan'uwansa. Sakamakon shi ne ƙara ta yi yawa, magana ta dagule. Shi ya sa za ka shiga mota cike da sifiku, kujera tana girgiza, amma ka kasa gane baitin da mawaƙi ya faɗa.

Ƙahon nan kuwa dukkanmu mun san danginsa: lasifikar masallaci. Ƙaramin inji ne a baya, sai maƙogwaro da ke buɗewa a hankali yana tattara sauti yana tura shi inda aka nufa. Bambancin shi ne na motar an yi shi da injin da ake sa wa manyan sifikun ɗakin taro, an kuma lanƙwasa bakinsa ya kwanta a ƙarƙashin dashbod, ta yadda ƙasan dashbod ɗin da kansa ya zama ci gaban ƙahon.

Amfaninsa uku ne. Na farko, ba ya cin wuta. Sifikar ƙofa ta yau da kullum tana ba da desibel 88 zuwa 90 da wat ɗaya, ƙaho yana wuce 105. Tazarar tana iya kaiwa desibel 20, wato abin da ƙaho zai yi da wat 1, sai ta ƙofa ta sha kusan wat 100. Don haka in an daki ganga, dukan yana fitowa da kaifinsa, sifikar ba ta wahala ba. Na biyu, an tura injinsa can gaba wajen ƙafafu, nesa da kunne, sai nisan na hagu da na dama suka kusa daidaita. Na uku, ƙaho ba ya watsa sauti ko'ina. An saita kowanne ya fi harba wa kujerar da ke nesa da shi, sai direba ya ɗan ji na kusa da shi da sauƙi, na nesa da ƙarfi, biyun su haɗu a tsakiya. Da haka direba da na gefensa duk suke jin mawaƙi a tsakiyar gilashi, abin da ko yau yana ba masu haɗawa wahala.

Kada dai a ɗauka ƙaho gyara ne na kowa. In ba a daidaita shi ba, muryarsa ta hanci ce, mai huda kunne. Motocin wancan zamani da ikwalaiza, na'urar ƙara ko rage kowane sashe na sauti, mai layi 30 a kowane gefe ake lallashinsu, ana awo ana saurare, kwana da kwanaki. Wannan zama na daidaitawa shi ne rabin nasarar motar, kuma shi ne ba ya fitowa a hoto.

Me alƙali yake saurara takamaimai?

Da farko launin sauti. Kunnen ɗan'adam mai lafiya yana ji daga Hz 20, sauti mafi kauri, zuwa 20,000, mafi siranta, kuma ana so kada wani sashe ya danne wani: kada bes ya haɗiye murya, kada tuwita, ƙaramar sifikar siririn sauti, ta yi ta tsiwa. Sai fage: faɗinsa daga ina zuwa ina, tsayinsa a daidai ido yake ko ya zube a ƙafa, zurfinsa ya wuce gilashi zuwa kan bonet ko ya tsaya a sitiyari. Sai wurin zaman kowane mai kiɗa, a ce mai goge yana hagu kaɗan, ya tsaya nan, kada ya yi ta yawo in sautinsa ya hau ko ya sauka. Ana kuma rage murya a ƙara, a ji ko launin ya canza. Ana kasa kunne ga kukan altanato da ke bin totur, da huci in waƙa ta tsaya, da ɓarin ƙofa ko lamba.

Akwai kuma makin aiki. Ana duba yadda aka ja waya, inda aka sa fiyus, ko an ɗaure kaya da kyau. A nan ne, gaskiya, yawancin motocinmu za su faɗi tun ba a kunna su ba.

Ni a motata murya daga ƙofar hagu take fitowa, wajen gwiwata. Sifikar dama ce ta lalace?

Lafiyarta lau, ɗan'uwa. Wurin zamanka ne. Kai kana hagu, sifikar hagu tana kusan mita ɗaya da kanka, ta dama kuwa ta fi ta nisa da, a ce, santimita 45. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ta hagu ta riga isowa ke nan da kashi 1.3 cikin dubu na daƙiƙa. Ƙwaƙwalwa kuwa haka aka halicce ta: sautin da ya fara zuwa, shi take ɗauka a matsayin inda abin yake. Ga shi kuma ta kusa ta fi ƙarfi.

Waɗanda suka haɗa Buick ɗin nan da wurin dasa sifika suka yaƙi wannan matsala. Kai yau kana da hanya mai sauƙi. Akwai na'urar DSP, mai sarrafa sauti kafin ya isa sifika, akwai ma rediyoyin Pioneer da Kenwood da Alpine da dama da ke zuwa da wannan saiti a cikinsu, sai dai mutane ba sa buɗe shafin. Ɗauko tef na tela. Zauna yadda kake tuƙi, wani ya auna daga tsakiyar kanka zuwa kowace sifika, ka shigar da lambobin. Rediyon zai riƙe ta kusa na ɗan lokaci har ta nesa ta iso. Sannan ka sa muryar mutum ɗaya yana magana, labarai ko karatu, ka rage ƙarfin hagu kaɗan-kaɗan har muryar ta tashi daga gwiwarka ta hau tsakiyar dashbod. Ranar da mutum ya fara jin wannan, yakan yi shiru na ɗan lokaci yana kallon wurin da babu sifika.

In ka yi duk wannan muryar ta ƙi tsayawa, kamar tana cikin kanka ko ta watse, kuma bes ya yi laushi, to duba ko an juya wayar sifika ɗaya. Cire wayoyin sifikar ƙofa, ka taɓa su da ƙaramin batirin tocila mai volt 1.5, jan waya a kan hular batirin. Takardar sifikar za ta yi tsalle waje. In ta shige ciki, an haɗa ta a juye. Duka biyun su riƙa tsalle gefe guda. Ban da tuwita, ba a yi mata wannan gwaji.

Zan iya haɗa irin tsarin Buick ɗin a Corolla ko Hilux?

Kwafa shi kai tsaye, a'a. Waccan mota faffaɗa ce, ƙasan dashbod ɗinta a buɗe yake, kuma bangon kujerar bayanta yana da ramin da zai ɗauki inci 12. Corolla ba ta da ko ɗaya, Hilux kuwa kujerar baya a jikin bango take.

Abin da za ka ɗauka shi ne tunanin. Sifiku kaɗan masu kyau, dukkansu a gaba: inci 6.5 a kowace ƙofa da tuwita a gindin gilashi ko a ginshiƙinsa, nesa da kai gwargwadon iko. Wufa ɗaya, inci 10 ko 12, a rufaffen akwati mai girman da kamfanin ya rubuta, ba wanda kafinta ya ga dama ba. Ka saita wufar kada sautinta ya haura wajen Hz 80, domin ƙasa da nan kunne ba ya iya nuna inda sauti yake, sai ka ji bes kamar daga gaba yake fitowa. Kuma cikin mota da kansa yana ƙara wa bes ƙarfi, saboda ƙaramin ɗaki ne a rufe. Wufa ɗaya ta wadatar.

Sai ƙofa. In ka buɗe ƙofar yawancin motocin da ake kawo mana, za ka tarar da sifika mai tsada tana lilo a kan sukuru biyu, gefenta da ramin da yatsa zai shiga, ledar kamfani an yage ta an yar, ƙura ta yi tudu a kan maganaɗisu. Iskar da sifika ta tura gaba tana zagayawa ta ramin nan ta kashe ta baya, bes ya ɓace, sai mai mota ya ce ƙarfi ne bai isa ba ya je ya sayo amfilifaya. A ɗaure ta a zobe mai kauri, a toshe gefenta, a liƙa wa ƙarfen ƙofa abin hana ɓari. Wannan aikin yini guda ya fi sabon amfilifaya.

Manyan sifikun nan masu siffar ƙwai da ake jerawa a bayan kujera fa?

Su ne ke ja maka mawaƙi zuwa ƙeya. In kana ɗaukar iyali, bar su, amma ka rage su sosai. In kai kaɗai ne, kashe su ka ji.

Amfilifaya mai tsada ya fi mai araha daɗin sauti?

Wannan gardama Richard Clark ɗin nan ne ya hura mata wuta. Ya ajiye dala 10,000 ya ce duk wanda ya iya bambanta amfilifaya biyu da kunnensa, ba tare da ganinsu ba, ya zo ya ɗauka. Sharaɗinsa shi ne a daidaita ƙarfinsu daidai wa daida, kada a tura ko ɗaya ya wuce iyakarsa, in ɗaya yana da ƙarin bes ko kaifi a gyara shi ya yi daidai da ɗan'uwansa. Mutane da yawa sun gwada, kuɗin suka zauna a aljihunsa. Masu sukarsa sun ce sharuɗan sun cire duk abin da ke bambanta amfilifaya, kuma suna da 'yar gaskiya. Ni dai abin da na ɗauka shi ne: kuɗin amfilifaya mai kyau yana tafiya ne a kan ƙarfi na gaskiya, da rashin huci, da jure zafi, da daɗewa. Waɗannan sun isa dalilin saye. Amma in ka ji an ce wannan muryarsa zuma ce, wancan tasa gishiri, a mafi yawan lokuta ɗaya ne aka ɗan fi buɗe wa murya.

Wanda na saya an rubuta masa wat 5000. Haka ne?

Juya shi ka dubi fiyus ɗinsa. In an rubuta 30, to amfiya 30 ne iyakar abin da zai sha. Mota tana ba da kusan volt 14 in inji na aiki. 30 sau 14 ya ba ka wat 420, kuma wani kaso zai tafi a zafi. Me ya rage? Wajen 300 in amfilifayan kirki ne. Lambar da ake dubawa ita ce ta RMS, wato ƙarfin da yake iya bayarwa a kai a kai. Wadda aka rubuta da manyan baƙaƙe, ko aka liƙa mata PMPO, ta ɗan talla ce.

Abin dariya, a zamanin Buick ƙaryar ta baya take tafiya. An kasa gasar rukuni-rukuni bisa yawan wat, sai kamfanoni suka riƙa rage lamba don motarsu ta shiga ƙaramin rukuni. Orion yana da wani amfilifaya, 225 HCCA, da aka rubuta masa wat 25 sau biyu, amma in an haɗa shi yadda ya kamata ɗaruruwa yake fitarwa.

Ka kuma sani ninka wat ba ninka ƙara ba ne. Daga 200 zuwa 400 desibel 3 kawai ka samu. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ƙara desibel 10, wato wat sau goma. Abin murɗawar nan da aka rubuta wa GAIN kuma ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. Yara suna murɗe shi ƙarshe, sautin ya tsage, tuwita ta ƙone, a ce kayan jabu ne.

In bes ya buga, fitiluna suna lumshewa. Batir zan ƙara?

Lissafa tukuna. Amfilifaya mai wat 1000 na gaskiya, ko irin mai tsimin wuta ne, yana neman kusan amfiya 90 in an buɗe shi sosai. Altanaton ƙaramar mota yawanci tsakanin 70 da 100 yake bayarwa, kuma a ciki za a ci fitila da fanka da na'urar sanyi, wadda a watan Afrilu ba mai kashe ta. Batir na biyu ba ya haifar da wuta, ajiya ne, altanaton ne zai cika shi. Ko ka rage buri, ko ka canza altanato.

Kafin nan duba waya, don nan ne cutar ta fi yawa. Kasuwa ta cika da waya mai kaurin roba, cikinta alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Kankare silin da wuƙa a gaban mai shago: in fari ya bayyana, ka gane. Ko ka sa masa wutar ashana, na alminiyom yana lanƙwashewa ya ruguje, jan ƙarfe sai dai ya yi baƙi. Ga amfilifaya mai wat 500 zuwa 800, nemi jan ƙarfe mai murabba'in milimita 20 zuwa 25. Wayar da ke komawa jikin mota ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli.

Fiyus kuma a kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, haka dokar gasa ta ce. Wannan fiyus ɗin motar yake karewa. Wayar da ta ratsa ƙarfe babu roba, ta yi ta guga a ramukan hanyar Mora zuwa Kusri, ranar da ta huje in babu fiyus a gaba, wuta ce. Wanda ya ɗaure maka fiyus da silin waya don kada ya sake yankewa, kada ka koma wurinsa.

Kayan nan suna jure zafinmu da ƙura kuwa?

Ba don mu aka yi su ba, sai mun taimaka musu. A Garwa da Njamena, daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana haura 60. Amfilifayan da aka cusa ƙarƙashin kafet, ko aka kifa a bayan kujera babu iska, zai yi ta ɗaukewa da rana tsaka. Ba lalacewa ya yi ba, kansa yake karewa. A ba shi sarari, in a but ne a sa masa ƙaramar fanka. Nau'in da ake kira class D ya fi dacewa da mu, don zafin da yake fitarwa kaɗan ne.

Sifika mai bakin soso tana ruɓewa da wuri a nan, nemi mai bakin roba. Abin hana ɓarin ƙofa kuma iri biyu ne. Mai kwalta yana da araha, amma araha ba ta ado: da bazara ta yi zai narke ya zubo, ya toshe ramukan da ruwa ke fita a gindin ƙofa, motar ta yi ta warin sabon titi. Na roba da ake kira butil shi ke zama. Zoben da aka yi da katakon garin nan da ake matsewa yana kumbura in ruwan Agusta ya shiga ƙofa, sai an shafe shi da fenti ko a yi na roba. Lokacin hunturu kuma ƙura tana shiga ko'ina, a riƙa hure amfilifaya da iska. In ana gurza ƙarfe a gareji, a nisanta sifika, domin maganaɗisu yana janyo garin ƙarfe cikin tsagar da ba a iya sharewa. Batir ma zafi ne ke cin kwanansa, mai ruwa a riƙa leƙa shi.

Na sa kaya masu kyau amma waƙoƙina sun ƙara muni. Me ya faru?

Kayan sun fara gaya maka gaskiya ne. Waƙar da aka zuba maka a memori a kasuwa ta bi hannu da yawa: an ciro ta daga bidiyo, an matse ta, an tura ta waya zuwa waya, wani ma ya ƙara mata ƙara da manhaja. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1411 a daƙiƙa. MP3 mai kyau 320 ne, na kasuwa sau da yawa 128 ko ƙasa. Tsohuwar sifika tana ɓoye aibin, sabuwar tuwita tana fito da shi, ka ji kuge yana shuu kamar ruwa a kwano. Nemi fayil mai 256 ko 320, ko FLAC in rediyonka yana karantawa, ka sa ta filas maimakon ɗan abin nan da ake soka wa a wurin kunna sigari yana watsawa ta FM.

Wasu waƙoƙin kuma tun daga situdiyo aka ƙona su, an tura komai ƙarshe don su yi ƙara a waya. Waɗannan babu kayan da za su gyara su.

Ƙarar nan tana yi wa kunne illa da gaske, ko tsoratarwa ce?

Da gaske ne. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka bayar shi ne desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne. Mota mai wufa biyu tana wuce wannan cikin sauƙi. In ka sauka kunnenka yana ƙugi, ya riga ya ji jiki, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Wanda ya fi shan wahala shi ne yaron da ke kujerar baya, kansa a jikin akwatin. Ga kuma hon ɗin 'yan babur da kake bukatar ji a kowace mahaɗa.

In muna so mu gwada motocinmu a tsakaninmu, yaya za mu tsara?

Ba ya bukatar na'ura mai tsada. Filas ɗaya za a yi amfani da shi a duk motocin, da abubuwa huɗu ko biyar: muryar namiji yana magana shi kaɗai, muryar mace tana rerawa, kiɗan gargajiya da aka ɗauka da kyau, sai wani abu mai bes na zamani. Kalangu alƙali ne mai tsanani, domin muryarsa tana hawa tana sauka, kuma in sifikar ƙofa da wufa ba su haɗu daidai ba za ka ji dukan a gaba, gindin sautin a but. Algaita da kakaki suna tona asirin tuwita mai tsiwa. Kowa a nan ya taɓa jin su ido da ido a ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan salla, saboda haka kunnenmu yana da abin da zai auna da shi.

Alƙalai kuma kada a ɗauko su daga masu sayar da kaya. A samu makaɗi, a samu malamin da ya san tajwidi, wanda zai gaya maka ko sinun da sadun sun rabu a motarka ko sun zama abu ɗaya. Su zauna a kujerar direba, kowa shi kaɗai, murya a matakin da za a iya hira. Kada su leƙa but, kada a gaya musu sunan kamfani ko kuɗin da aka kashe, sai sun rubuta makinsu. A saurara inji a kashe, a kuma tayar da shi a taka totur a ji ko akwai kuka. Bayan nan sai a buɗe bonet a duba fiyus da waya, duk wanda ba shi da fiyus kusa da batir a cire shi daga layi ko da sautinsa ya fi na kowa.

A yi shi da sassafe ko bayan la'asar, a ƙarƙashin inuwa, kuma ba a watan Afrilu ba. Gilashi a rufe ake saurare, fanka a kashe, kuma babu alƙalin da zai iya minti goma a haka da rana a Garwa.